Minti Huɗun Yaya

Har yau idan na ji fankar kwamfuta ta ɗaga murya sai raina ya ɓaci. Ba lalacewarta nake tsoro ba. Yayana nake tunawa, shi da madabod ɗin da ya sa na saya.

Sana'ata ɗaukar bidiyon biki ce, amma ɓangaren mata kawai. Kamu, sa lalle, yinin biki, kiɗan ƙwarya, duk inda za a tura ƙofar gida a ce kada namiji ya leƙo, to nan ake kirana. Ba don na fi kowa iya riƙe kyamara ba ne, akwai samari a Tarauni da suka fi ni kayan aiki nesa ba kusa ba. Abin da nake da shi wanda ba su da shi guda ɗaya ne: daga lokacin da na kunna kyamara har ranar da zan miƙa filas a hannun uwar amarya, idon namiji ba ya sauka a kan aikina. Da wannan alkawarin mata suke ajiye mayafi su saki jiki. Na ga Hajiyoyin da unguwa take shakka suna tiƙar rawa har ɗankwali ya faɗi, ba wadda ta damu ta ɗauka, saboda sun san wadda ke bayan kyamarar.

A gidanmu na Gyadi-Gyadi nake aikin, a ɗakin da ke jikin na Inna, inda na dawo bayan aurena ya mutu. Idan na gama yanka bidiyo da jera shi, sai kwamfuta ta haɗe shi wuri ɗaya kafin a iya zuba shi a filas. Wannan matakin ni dahuwa nake ce masa. Tsohuwar kwamfutata kuwa tukunyar dutse ce. Sai in ɗora mata aiki da azahar, in yi wanki, in yi shara, in taya Inna tsintar shinkafa, a kira magariba ba ta sauke ba. In wuta ta ɗauke batirin sola kuma ya ja baya, a koma farko. Da na ɗauki adashe sai na ce to, lokacin sabuwa ya yi. Kuskuren da na yi shi ne na faɗa a gaban Yaya.

Shi ne babba a ɗakinmu, ma'aikacin gwamnati ne, gidansa a Tarauni, kuma tun rasuwar Baba shi ne uba. Ba mugu ba ne, gara in faɗa tun yanzu, don abin da zai biyo baya ba yabo ba ne. Mutum ne da idan abu ya shiga kansa sai ya cinye shi. Ya yi zamanin tattabaru, har muka rasa wurin shanya. Ya yi zamanin babur, ya kwance shi ya ɗaura ya fi sau goma. Wannan karon kwamfuta ce. Yana da majalisa a ƙofar gidansa, su biyar, magidanta masu furfura a gemu, sai su zauna bayan la'asar suna musu a kan lambobi. Suna kallon Turawa a waya, a ƙasashen da ake sa rigar sanyi cikin ɗaki, suna tilasta wa kwamfuta gudu, su kuma suna tafa hannu kamar dokinsu ne ya zo na ɗaya.

Ya ce ba za a sayi haɗaɗɗiya ba, shi zai haɗa min da hannunsa. Muka je shagon wani mutumin Filato a Tarauni, dattijo mai sanyin magana, wanda ya daɗe yana sayar da kayan kwamfuta a wurin. An zaɓi komai lafiya, har aka zo kan madabod, wato farantin da ake dasa duk kayan cikin kwamfuta a kansa. Mutumin ya ajiye kwali biyu a kan teburi, ƙarami da babba, ya dube ni, ba Yaya ba.

"Madam, wane aiki za ki yi da shi?"

Na ce bidiyon biki.

"To wannan ƙaramin ya ishe ki. Babban na masu wasa da wuta ne. In ba za ki tura inji ya wuce ƙarfinsa ba, kuɗinki zai zauna a ciki ne kawai yana haske."

Yaya ya yi murmushin nan nasa na wanda ya riga kowa sani. Ya ce, "Ai tura shi za mu yi. Obakulokin." Ya juyo gare ni ya fassara, kamar yana koya wa 'yar aji ɗaya. Wai kamfani dabaibayi suke yi wa ƙwaƙwalwar kwamfuta don kada ta yi iyakar gudunta, shi kuma zai kwance dabaibayin, ya ƙara mata wuta, ta yi gudun da ba a rubuta a kwali ba. Wai ƙaramin farantin ba zai ɗauki wannan wutar ba, sai babban.

Mai shagon ya girgiza kai. "Alhaji, na yanzu ba kamar na da ba ne. Daga kamfani suna zuwa da kusan duk gudunsu. Abin da za ka ƙara kaɗan ne, zafin kuma da yawa. Kano muke fa, ba Jos ba."

"Araha ba ta ado," in ji Yaya. Ya ɗora hannu a kan babban kwalin.

Kuɗin babban ya kusa ninka na ƙaramin sau uku, kuma kuɗina ne, ba na gado ba. Na san mai shagon ne yake da gaskiya. Wane ɗan kasuwa ne zai hana ka sayen mai tsada in ba yana tsoron Allah ba? Amma a gidanmu ba a ƙaryata yaya a gaban bare. Haka aka rene mu, ko ya ce rana daga yamma take fitowa sai an dawo gida ake gyara masa, shi ma a hankali. Na buɗe jaka na biya. A mota yana ce min, "Kin ga mutumin nan bai san kan kayan da yake sayarwa ba."

Farantin nauyi gare shi kamar murfin tukunyar ƙarfe, duk an lulluɓe shi da baƙin ƙarfe mai zane-zane. Da aka kunna, sai fitilu suka kama ta cikin gilashin akwatin, ja, kore, shuɗi, suna bin juna. Inna ta leƙo ta ce, "Wannan kwamfuta ce ko ɗakin taron biki?" Na yi dariya a ranar, ban san ita ce dariyar ƙarshe da zan yi a kan abin ba.

Gaskiya ɗaya ce, kwamfutar ta yi kyau tun kafin a taɓa ta. Aikin da tsohuwar take kwashe daga azahar zuwa magariba, wannan ba ta kai awa ɗaya ba ta sauke. Na yi hamdala, na ce, "Yaya, don Allah a bar ta haka." Ya dube ni kamar na ce a sayi rago a ƙi yankawa.

Daga nan na rasa ɗakina. Kullum bayan la'asar sai ga motarsa. Sai in rufe aikina in ba shi kujera, shi kuma ya shiga wani shafi mai cike da lambobi, ya ƙara nan, ya rage can, ya kashe, ya kunna. Wani lokaci ta tashi, wani lokaci fuskarta ta koma shuɗiya ta tsaya cak. Fankokin su dinga kuka kamar injin markaɗe. Lokacin bazara ne, ɗakin da ma rufin kwano ne, sai ya koma tanda, ga batirin sola da a da yake kai mu har bayan isha yanzu tun magariba yake kuka. Inna ta koma fifita da mafici. Sau biyu kwamfutar tana mutuwa ina tsakiyar aiki, abin da ko tsohuwar ba ta taɓa yi min ba sai dai in wuta ce. In na yi ƙorafi ya ce, "Ai ba a gama saitawa ba." Wata guda ba a gama saitawa ba.

Abu ɗaya ban sassauta ba: in yana ɗakin, aikina a rufe yake. Har tsokanata yake yi, wai ni da sirrina kamar mai gadin banki. Ina dariya, amma ba na buɗewa.

A cikin wannan halin aka yi bikin autar Hajiya a Darmanawa. Hajiya ita ce ta fara ba ni aiki lokacin da ko kyamarar aro nake yi, kuma rabin gidajen da nake shiga ita ta buɗe min ƙofarsu da bakinta. Idan ta ce wa mace "ki kira yarinyar nan ta Gyadi-Gyadi," magana ta ƙare. An yi kiɗan ƙwarya ranar yini, gida ya cika. A cikin matan akwai surukarta, matar babban ɗanta, wadda a waje ko idonta da ƙyar ake gani, niƙabi da safar hannu. Ta maƙale a gefe tana tafi. Ina ji da kunnena Hajiya ta ce mata, "Ke tashi, cire wannan, mai ɗaukar 'yar gida ce." Ta cire hijabi, ta fito cikin koren leshi, ta yi rawar da duk wurin ya ɗauki guɗa. Na ɗauke ta da kyau, don ta yi kyau.

Ranar Juma'a na gama jera bidiyon, saura dahuwa kawai. Sai ga Yaya da sabon bincike. Wai ya gano matsalar, zafin ɗakina ne. Falonsa akwai na'urar sanyaya ɗaki, in ba shi kwamfutar zuwa Lahadi, zai dawo min da ita kamar walƙiya. Na ce akwai aikin mutane a ciki. Ya ce ai ba cinyewa zai yi ba. Muna ja-in-ja Inna ta sa baki daga tsakar gida: "Ke, yayanki ne fa. Shi ya haɗa miki ita, yanzu kuma kya hana shi?"

Na ce, "Yaya, don girman Allah kada ka buɗe aikin nan."

Ya ce, "Me zan yi da rawar tsofaffi?"

Laifina a nan ba zan ɓoye shi ba. Da na kwashe aikin na zuba a wani wuri na goge na ciki, da ba a yi wannan labarin ba. Amma zai ci lokaci, shi kuma yana tsaye da makullin mota yana duba agogo, Inna tana jira ta ga ko zan yi musu. Na kulle da lambar sirrina na ce ya isa. Na manta cewa wanda ya gina ɗaki yana da nasa makullin.

Ranar Lahadi da hantsi ya dawo da ita, fuskarsa kamar an yi masa ƙarin girma. Ya miƙo min wata takarda da ya yago daga littafi. An rubuta arba'in da ɗaya an soke, sai wasu lambobi a ƙasa duk an soke, can ƙarshe talatin da bakwai, an zagaye shi da jan biro har sau biyu.

"Minti huɗu!" ya ce. "Minti huɗu cif na cire miki. Da ƙaramin farantin nan kika saya, wallahi ko biyu ba za ki samu ba."

Na ce, "Arba'in da ɗaya na me?"

"Na gwaji," ya ce, ya wuce gaishe da Inna.

Bayan tafiyarsa na ɗora bidiyon Hajiya. Fankoki suka ɗauki kuka, na zauna ina goge gumi. Da ta sauke na duba lokacin da ta rubuta, minti talatin da bakwai. Na duba takardar Yaya. Na sake duba kwamfutar. Lamba ɗaya ce, ashe da bidiyon Hajiya ya yi gwajin.

Ga abin da na yi, kuma shi ne ya fi damuna har yau: ban yi komai ba. Na ce wa kaina ƙila dace ne. Na ce ko da ya ɗora, ai ba lallai ya kalla ba. Na zuba bidiyon a filas, na kai Darmanawa, Hajiya ta sa min albarka, ta ba ni turmin atamfa da kayan gara a leda. Na karɓa da hannu biyu.

Kwana tara aka yi sannan ta aiko in zo. Ina shiga falon na san an gama. Ba a kawo ruwa ba. Surukar tana zaune a ƙasa can gefe cikin hijabi har ƙasa, idanunta sun kumbura. Hajiya ta bar ni na gama gaisuwa tsaf, sannan ta faɗa min abin da ya faru, a hankali, kamar mai karanta wasiƙa.

Ɗaya daga cikin 'yan majalisar Yaya taubashin babban ɗanta ne. Sun haɗu a wurin ɗaurin aure, shi kuma da wasan taubasai a baki, sai ya dafa kafaɗar ɗan Hajiya a cikin mutane ya ce, "Ashe ustaziyar taka ta iya juyi haka? Koren leshin nan ya karɓe ta." Yana dariya, shi a ganinsa wasa ya yi. Mijin ya dawo gida. Kwana uku bai ci abincin matarsa ba, a na huɗu ta taho wurin Hajiya da kuka.

"Ni na ce mata ta cire," in ji Hajiya. "Ni na ce mata 'yar gida ce. Da bakina."

Na fara rantsuwa cewa ban nuna wa kowa ba, ta ɗaga hannu.

"Na san ba ki nuna ba. Da nunawa kika yi da na san irin maganar da zan yi miki. Tambaya ɗaya zan yi. Maza nawa ne suka gani?"

Na ce, "Ban sani ba, Hajiya."

Ta ce, "To kin ji. Ba ki sani ba."

Da ta zage ni da na samu sauƙi. Ba ta zage ni ba. Ta ce in je in goge duk abin da ya rage na gidanta a wurina, in turo mata saƙo in na gama. Na durƙusa gaban surukar na ba ta haƙuri. Ba ta ɗago ba, ta dai ce, "Allah ya yafe mana," da muryar da ba ta da komai a ciki.

Daga Darmanawa ban koma gida ba. Na tari adaidaita na ce Tarauni. An idar da la'asar, suna nan a ƙofar gida a kan darduma, su biyar, da butar shayi. A rayuwata ban taɓa tsayawa a majalisar maza ba, in na zo gidan sai in sunkuyar da kai in gaishe su in shige. Ranar na tsaya a kansu. Taubashin yana ganina ya fara neman takalminsa.

Na ce, "Yaya, da me ka yi gwaji?"

Ya ce, "Shiga ciki mu yi magana."

"A nan aka kalla, a nan zan tambaya. Da me ka yi gwaji?"

Sai ya fara bayani, kuma wallahi bayanin ya fi laifin ciwo, don da gaskiyarsa yake yi. Wai manhajar gwaji ba ta nuna aikin gaske. Wai tunda aikina bidiyo ne, dole a gwada da irin bidiyon da nake yi, in ba haka ba lambar ƙarya za a samu. Wai don ni ya yi.

"Wallahi ba mata muke kallo ba," ya ce. "Agogo muke kallo."

Wani daga cikinsu har da gyaɗa kai. Ni kuwa na san yadda manhajar take, tana dahuwa tana nuna hoton abin da take dafawa a gefe, ga kuma talabijin ɗin falonsa da ya kusa cika bango, wanda a jikinsa yake haɗa kwamfuta.

Na ce, "Sau nawa?"

Ya ce ai duk lokacin da aka ƙara wuta sai an sake gwadawa. Na zaro takardarsa daga jaka, don tun ranar tana ciki, na ƙirga lambobin da ya soke a gabansu. Shida, da na ƙarshen bakwai. Sau bakwai matan mutane suna rawa a bangon falonsa, magidanta biyar suna zaune da kofin shayi, wai agogo suke kallo.

Abin da na faɗa bayan nan ba duka zan rubuta ba. Na tuna na ce, "Minti huɗu, Yaya. Me zan yi da minti huɗu? Ko ruwan shayin nan naku ba ya tafasa a minti huɗu. Wa ya ce maka ina sauri? Wace uwar amarya ce ta taɓa tsayawa a kaina da agogo?" Na ce masa shekara shida ina gina abin da ya rushe don ya burge abokansa da jan biro. Na ce wa sauran su ji kunyar furfurarsu.

Ya miƙe, idonsa ya kaɗa. "A gaban mutane kike min haka?"

Na ce, "A gaban mutane ka yi min."

Na juya na tafi. Ban yi kuka ba sai da na wuce kwanar layinsu.

Inna ta yi kwana biyu ba ta amsa min gaisuwa da daɗi. Ba abin da Yaya ya yi ne ya fi ɓata mata rai ba, tsayuwar da na yi a majalisa ce. Ta ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Na ce ban yanke ba, amma ba zan ce bai ruɓe ba. Yaya kuwa ya ɗauki taubashin da wani dattijo suka je wurin mijin. Aka ba da haƙuri, aka yi musabaha bayan sallar Juma'a, surukar ta koma ɗakinta. Maganar maza ta ƙare a zama ɗaya.

Tawa ba ta ƙare ba. Ba wadda ta kira ni ta ce ta ji wani abu, ba haka ake yi a Kano ba. Wannan ta ce an ɗage bikin, sai in ga hotunan a wayar wata. Waccan ta ce wata 'yar'uwarsu ta koyi ɗauka, za a ba ta don ƙarfafa gwiwa. Wata daga Babban Giji da na ɗauki bikin 'ya'yanta uku kawai daina ɗaukar wayata ta yi. Kafin azumi, lokacin da a da har aiki nake mayarwa saboda yawa, kyamarata tana cikin jaka. Hajiya ba ta ɓata ni a wurin kowa ba, na tabbata. Ta dai daina ambatona, kuma hakan ya isa.

Na ɗauki kwamfutar na kai wa mutumin Filato na ce ya mayar min da ita yadda kamfani ya yi ta. Ban ba shi labari ba, shi ma bai tambaya ba. Ya shiga shafin lambobin nan, ya danna abu ɗaya, ya kashe ya kunna. Aikin wata guda na Yaya ya tafi kafin in gyara zaman mayafina. Fankokin suka yi shiru. Na ce farantin nan la'ananne ne. Ya ce, "A'a madam, faranti mai kyau ne. Ba naki ba ne kawai." Na ce to ya kashe min fitilun, ya kashe.

Yanzu idan wani ya tambaye ni ko babban madabod ya cancanci kuɗinsa, nakan ce ya danganta da abin da mutum ya rasa a rayuwa. Wanda yake da kuɗin da ba ya so, da ɗaki mai sanyi, da kwamfutar da ba amanar kowa a cikinta, ya saya, ya ƙara mata wuta har ta yi hayaƙi, ya rubuta lambarsa ya manna a bango. Amma mai neman abinci da ita ya sayi madaidaici ya kama aikinsa, kuma ya nisanci duk wanda zai ce masa an yi wa kwamfutarsa dabaibayi. Irin waɗannan ba aikinka ne a gabansu ba. Suna son su ga lamba ta sauka ne, kuma za su ɗora komai a wuta don ta sauka. Yaya har yau muna gaisawa, yana zuwa gaishe da Inna, ina kawo masa ruwa. Wata rana na ji shi a tsakar gida yana ce mata, shi fa inda ya yi kuskure shi ne da bai kashe talabijin ɗin ba. Har yanzu yana ganin minti huɗun riba ce.

Bayan babbar sallah wata mata ta kira ni daga Hotoro. Ta ce ta ga aikina a da, tana so in ɗauki yinin 'yarta, amma da sharaɗi. Katin kyamara ba zai fita daga gidan ba. In zo da kwamfutata in yi aikin a can, in gama, in goge a gabansu. Shekara ɗaya da ta wuce da na ce mata ta nemi wata. Na ce to.

Ni da mai adaidaita muka cicciɓi akwatin, yana tambayata ko janareta ne. Aka ba ni wani ɗaki a cikin gidan, aka shimfiɗa tabarma a gefena, gwaggon amarya ta zauna a kai da carbinta. Tsohuwa ce mai fara'a, har goro ta ba ni. Ba ta san komai a kan kwamfuta ba, ba kuma sanin ake buƙata ba, hannuna aka ce ta kalla. Kwana biyu muna tare. A na biyun na gama jerawa na ɗora dahuwa, daidai ana kiran la'asar. Ta tambaye ni zai daɗe? Na ce minti arba'in da wani abu.

"To bari in yi salla," ta ce.

Ta dafa bango ta miƙe, ta kai bakin ƙofa, har ta sa takalmi ɗaya. Sai ta tsaya, ta waiwayo ta dube ni, ta dubi kwamfutar. Ta leƙa tsakar gida ta kira wata daga cikin matan gidan ta ce ta zo ta zauna a nan kafin ta idar. Matar ta shigo tana goge hannu da zani, ta yi min sannu da aiki, ta zauna a kan tabarmar. Raka'a huɗu ce kawai, amma ba a bar ni ni kaɗai ba.